Ruwan Daɗi a Tankin Jirgin Baba Yaƙuba

Zancen sallama da hawayen tashar jirgi kowa ya san shi, don haka na tsallake. Nawa labarin ya fara ne ranar da na tsinci kaina a Sharafiyya, a tsakiyar Jidda, rungume da jakar sifanonina, ina raba ido ina neman garejin da dillali ya rantse min yana can yana jirana. Ni Isiyaku, shekara goma sha huɗu ina gyaran injin niƙa da injin ban-ruwa a Haɗeja, har ana cewa in inji ya gagare ni to a kira 'yan gwangwan. Da wannan cika bakin na sauka. Gareji kuwa babu shi babu dalilinsa. Abin da na tarar ɗaki ne guda da muke kwana mu tara, da wakilin kafili, wato uban gidan da ya ɗauki nauyin zuwana, wanda ya karɓe takarduna ya ce in zauna in jira iƙama, wato katin zama, sannan a san inda za a jefa ni.

Zaman jiran nan ya ci min rai. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, mai ɗanko ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Abin da na fi kewa, abin kunya, ba mutane ba ne tukuna, ƙarar injin niƙan unguwarmu ce da hantsi. Akwai wani ɗan Damagaram mai aikin shara a ɗakinmu wanda kullum zai raba gurasarsa biyu ya ajiye min rabi a kan jakata, bai taɓa cewa ga shi ba, ni ma ban taɓa samun bakin yi masa godiya yadda ta kamata ba. Ranar da aka kwashe ni ma ba ya nan.

Khumra aka kai ni, can kudancin gari inda babu komai sai manyan rumbunan ajiya da ƙura. Makanikin da ake ji da shi a Haɗeja ya koma ɗan dakon taya. Wata biyar ina wannan, ina cin tuwon girman kaina ba miya. Rannan da tsakar rana janareton rumbun ya mutu, aka yi ta kiran mai gyara bai zo ba. Na ce a bar ni in duba, aka yi min dariya. Da zafi ya ishi kowa aka ce to bismilla. Na kwance tiyo, na sa baki na zuƙo man gas yadda muke yi a gida, na tofar, na cire iskar da ta shige masa, inji ya tashi. Kafin sati ya zagayo an mayar da ni warshar kafilin, garejinsu ke nan na injunan dizal, aka miƙo min rigar aiki wadda ta yi min yawa.

A wani masallaci a unguwar Mahjar na haɗu da Baba Yaƙuba. An idar da sallar Juma'a ana turereniyar neman takalma, sai na ji wani tsoho a gefena, cikin farar jallabiya irin ta 'yan gari, yana mita da Hausa tsantsa wai wane ja'iri ne ya take masa takalmi. Ban san lokacin da na ce, "Ba ni ba ne, Baba." Ya juyo ya ƙare min kallo tun daga sama har ƙasa, ya ce in dai na iya amsa laifin da ba a tuhume ni da shi ba, to lalle ɗan ƙasa ne ni, in wuce mu je gida.

A Jidda aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya taso a ƙasa don aikin hajji, ya yi shekaru a hanya, bai koma ba. Baba bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Hausarsa ta bakin uwarsa ce, tsohuwa tukuf, in ta ƙare masa a tsakiyar magana sai ya cike da Larabci ya wuce abinsa. Matarsa Inna Maryama ta ajiye min tuwon shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewa mai daddawa. Loma ta biyu hawaye ya zubo min. Na ce yaji ne. Inna ta ce ita ba ta sa yaji ba saboda cikin Baba, amma ta ƙaro min miya. Tun daga ranar nan, Juma'ata a gidan take ƙarewa, kuma ina faɗa ba kunya, na ƙaunaci tsohon nan kamar shi ya haife ni.

Sai da muka saba sannan ya buɗe min cikinsa. Shekara talatin yana kula da jirgin ruwan wani likita ɗan gari, irin jirgin nan mai dogon sanda da ake ɗaga wa ƙaton ƙyalle iska ta tura shi. Baba ba ya kiransa jirgi, Hajiya yake ce masa. Likita ya rasu shekara biyu da suka wuce, ɗansa Mazin ya gaji jirgin. Tun daga nan injin ya fara iskanci. Na ce jirgin iska me ya haɗa shi da inji? Ya ce in ka fita fili iska ce, amma shiga da fita ta bakin mashigi sai da inji, don hanyar siririya ce, dama da hagu duwatsun murjani ne masu yanka katako kamar wuƙa. Sau uku injin yana mutuwa a daidai wurin, na ƙarshe har da 'ya'yan Mazin a ciki, da ƙyar aka janyo su. Makanikai biyu sun zo sun canza filta sun tafi, cuta ta dawo. Yanzu Mazin ya ce gyara ɗaya ya rage. In injin ya sake mutuwa zai sayar da jirgin, kuma ya fara cewa a fakaice wai Ammu Yaƙub, yadda yake kiran Baba ke nan, ya tsufa, ya kamata ya huta.

"In aka sayar da Hajiya, ya waladi," in ji Baba, haka yake ce min, wato ɗana, "ni sai zaman ƙofar gida ina ƙirga kyanwoyin unguwa. Wata uku ba zan yi ba."

Shi da kansa ya je warsha ya ce ni yake so a ba shi. Aka ba ni sati guda, ranar Asabar za a fita gwaji.

Marsa, wato inda ake ɗaure jiragen, tana can arewacin gari a bakin wani dogon lungun teku. Ni da ruwa iyakacina kogin Haɗeja, shi ma daga gaɓa. Katakon da ake takawa a shiga jirgin da rarrafe na haye shi, Baba yana tsaye yana tambayata ko haka jaruman ƙasar kakansa suke. Da na samu na shiga, na zube sifanonina masu baƙin mai a wani ɗan lungu na bayan jirgin, kusa da sitiyari. Nan take fara'arsa ta ɗauke. Ya ce in kwashe, nan mazaunin Likita ne. Na kwashe, ya bi wurin da tsumma ya goge.

Injin yana ƙarƙashin matakala, a wani rami da bai fi akurkin kaji ba. A kwance ake aikin, kafaɗa ɗaya a ciki, gumi yana shiga ido. Ban fara da filta ba, don wanda ya share ɗaki ya bar bola a bakin ƙofa bai yi shara ba. Tanki na fara buɗewa. Na zuƙe man duka a jarkoki, a ƙasan na tarar da wani baƙin kitse mai yauƙi, ƙarƙashinsa kuma ruwa kwance. Na nuna wa Baba na ce ga cutar Hajiya. Idan jirgi yana tsaye, ƙazantar tana kwance lafiya, inji ya yi ta aiki kamar na kirki. Da an fita igiyar ruwa ta girgiza tanki, sai ta tashi ta toshe filta, ruwan kuma ya wuce ya kashe inji. Kwana biyu na yi ina wanke tankin nan har sai da farin tsumma ya shiga ya fito fari.

Daga nan na shiga ɗaure-ɗaure. Na kafa filta biyu a jere a jikin bango, inda hannu zai kai ba sai an kwanta ba, da makunni a tsakaninsu, in ɗaya ta toshe a murɗa mai ya bi ta ɗayar ba tare da an kashe inji ba. Kowace da kofin gilashi a gindinta, don ruwa ya fi mai nauyi, in ya shigo nan zai taru ido ya gan shi. Na canza famfon mai na jikin injin, wanda fatarsa ta saki, da ƙaramar filtar da ke gabansa. Na sa sababbin tiyo, kowane baki da maɗauri biyu. Sannan na ƙara wani ɗan famfo mai aiki da batir, wanda zai turo mai ya kori iska in an canza filta. Baba ya tambayi amfaninsa, na ce don kada wani ya sha man gas irin yadda na sha a Khumra. Ya yi dariya har da tari, ya ce ashe shi ya sa maganata take da santsi. Ranar Litinin na cika tanki fal da mai mai tsabta, na tayar da inji, ya ɗauka da bugu ɗaya. Baba ya dafa murfin injin yana yi wa Hajiya sannu.

Ranar Laraba na zo duba aikina ina taƙama, na haska kofin gilashi, sai ga ruwa kwance a gindinsa, kaurin yatsa biyu. Na tsiyaye shi a murfin kwalba, na yi abin da maigidana na Haɗeja ya koya min, na ɗiga a harshe. Na zaci zan ji gishiri, tunda teku ce ta kewaye mu. Babu gishiri ko kaɗan, ruwan daɗi ne.

Ma'aikatan marsa suka ce tanki ne yake gumi, haka yake yi a Jidda. Na ce tankin da yake cike fal ba ya gumin yatsa biyu a kwana biyu. Ruwan sama kuwa rabon garin da shi tun kafin in zo. Na bi tiyon ruwan sha kaf, babu inda ya kusanci na mai. Wanki ma ba a yi, don Baba ya tashi a zamanin da ake sayen ruwa a garwa, har yau ba ya kwarara shi, da jiƙaƙƙen tsumma yake goge jirgin. Amma ruwa ba ya tsami banza. Na koma ramina na kwanta ina kallon gilashi kamar zai yi min magana, raina a jagule, Asabar tana matsowa.

Ana kiran azahar na ɗago kai ta matakala don in sha iska. Baba yana zaune a lungun nan na Likita da butarsa, yana alwala a natse, yana bin kowace gaɓa sau uku. Ruwan yana sauka daga gwiwar hannunsa da ƙafafunsa, yana gangarawa, yana taruwa a wani ɗan kwarmi da ke dab da ƙafarsa. A tsakiyar kwarmin akwai murfin ƙarfe, inda ake ɗura wa jirgin mai. Ina kallo ruwan ya taru, ina kallo ya ragu a hankali, ya ɓace.

Da ya tayar da salla na lallaɓa na kwance murfin. Zoben robar da ke hana ruwa shiga rana ta gama da shi, ya bushe ya tsattsage, ina taɓa shi ya farfashe kamar ƙanzo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun safe har magariba Baba yana jirgin nan, ga shi dattijo mai yawan sabunta alwala. Shekara biyu ke nan yana shayar da Hajiya da hannunsa abin da ke kashe ta.

Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. In Mazin ya ji, ya samu hujjar da yake nema cewa tsufa ya zo. In Baba ya ji, ban san yadda zai ɗauka ba, mutumin da 'ya'yan maigidansa suka kusa halaka a hannunsa. Na laluba jakata na samu zoben roba daidai wurin, na shafa masa man giris na ɗaura. Da Baba ya tafi sayo mana abinci na kwarara bokiti guda a kan murfin, na jira, ko ɗigo bai shiga ba. Na kunna ɗan famfon nan na zuƙe gindin tankin har sai da mai ya fito garau. Da ya tambaye ni labarin ruwan, na ce tsohon ne ya maƙale a wani lungu. Ya dube ni ɗan jim, ya ce to madalla, ya miƙo min gurasa.

Asabar da hantsi Mazin ya iso, matashi mai ƙarancin magana, ya duba filtocin ya gyaɗa kai kawai. Muka kwance igiya. Abin da ya faru tsakanina da cikina a bakin mashigin nan ba zan ba da labarinsa ba, illa dai kifayen wurin sun san abin da na karya da shi. Duk da haka kaina yana cikin rami, idona a kan gilashi, jirgi yana tangaɗi, mai yana wucewa garau. Da muka fita fili Baba ya ɗaga ƙyalle ya kashe inji. Shiru ya sauka, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Na leƙo na ga tsohon nan riƙe da sitiyari, iska tana kaɗa jallabiyarsa, ya koma kamar ɗan shekara arba'in. Nan na gane abin da za a raba shi da shi.

A dawowa ne ake yin ta, don nan injin ya saba mutuwa bayan teku ta gama girgiza tanki. Duwatsu suka bayyana dama da hagu, ruwa yana fari a kansu. Baba ya ce bismillahi ya murɗa makulli. Inji ya ɗauka. Ya riƙe muryarsa ɗaya, bai yi ko tari ba, har muka shige muka ɗaure igiya.

A nan Mazin ya tambayi abin da ke damun injin tun farko. Larabcina na sayen gurasa ne, don haka Baba ne tafinta. Na ce ya gaya masa robar murfin tanki ce ta mutu, ruwa yake shiga. Ya gaya masa. Mazin ya ɗaure gira ya yi wata tambaya, Baba ya juyo min da ita, idonsa cikin nawa: wane ruwa, a garin da ba a ruwan sama?

Na ce, "Ka ce masa raɓa ce, Baba."

"Shekara talatin ina tare da Hajiya," in ji shi a hankali. "Kana tsammani za a canza mata roba ban gani ba? Na gode, ya waladi. Amma ni ba na fassara ƙarya."

Ya juya ga Mazin ya yi magana mai tsawo da Larabci, yana nuna lungun, yana nuna butarsa. Kalma biyu na tsinta, alwala da mahaifinka. Daga baya ne ya gaya min abin da ya ce. Duk zamansa da Likita a famfon marsa yake alwala, bai taɓa zama a lungun nan ba. Bayan rasuwar ne ya ga wurin ya yi masa fili da yawa, sai ya koma yin alwalarsa a nan, in ya idar ya yi wa mamacin addu'a. Ya ce laifin nasa ne, ba na inji ba, ba na makanikan baya ba, in za a sallame shi a sallame shi a kan gaskiya.

Mazin ya juya. Ya je ya tsaya a kan lungun ya daɗe, ya ba mu baya. Ni kuwa na riga na fara jin haushin tsohon, ina cewa a raina ga aiki ya yi kyau ya zo ya rushe shi da bakinsa. Can Mazin ya juyo ya tambaye ni da hannu ko sabuwar robar za ta riƙe. Na ce za ta riƙe. Sai ya kama kan Baba ya sumbaci goshinsa yadda suke yi wa iyayensu, ya ce, "Khalas, ya Ammu," wato shi ke nan, Baffa. Ya ƙara wata magana gajeriya, ya sauka ya tafi. Na ce Baba me ya ce? Ya ce wai ba a sayar da jirgin da ake yi wa ubansa addu'a a ciki. Ya faɗa yana ta naɗe igiyar da ya riga ya naɗe.

Bayan sati na koma duba filtocin. Ana kiran azahar na ga Baba ya ɗauki butarsa ya nufi katakon sauka, yana takawa a hankali, kansa a ƙasa, zai tafi famfon marsa. Ashe tun ranar Asabar can ya koma. Raina ya ɓaci. Na sha gabansa a kan katakon nan da nake hayewa da rarrafe, na karɓe butar, na mayar da ita lungun Likita na dire.

Na ce, "Baba, aikina ka raina ke nan? Zauna ka zuba. In ɗigo ɗaya ya shiga, ka kira min 'yan gwangwan."

Ya tsaya yana dubana, ya ce ɗan ƙasa akwai taurin kai. Sannan ya tattare jallabiya ya zauna. Na sauka ramina na haska gilashi, ina jin saukar ruwan a saman kaina, hannu, fuska, ƙafa. Mai yana nan garau, launin zuma. Na ɗaga murya na ce babu komai. Shi kuwa ya riga ya fara addu'a, na ji sunan Likita, na ji na Inna, daga nan na ji nawa. Na jira ya shafa, sannan na hau na karɓi butar, don ya rage min ruwan da zan yi tawa alwalar.